Tsohuwa ba mayya ba ce

Ya kai mai karatu, in kana kallon fim ɗin Hausa a talabijin ko a salula, duba yadda ake nuna tsohuwa. Sau da yawa ita ce uwar miji mai tsanar matar ɗanta. Ita ce mai zuwa wurin boka. Ita ce mai raba aure. Yaro ya gani yau, ya gani gobe, har ya ɗauka haka tsofaffi suke.

Akwai wani fim da ya bi wata hanya dabam. Sunansa Yaaba. Idrissa Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, shi ya yi shi a shekarar 1989, cikin harshen Mosi. A harshensu, yaaba na nufin kaka.

Tsohuwar fim ɗin sunanta Sana. Tana zaune ita kaɗai a bayan gari, don mutane sun ce mayya ce. Yara na jifan ta. Sai wani yaro mai suna Bila ya matsa kusa da ita, ya kira ta kaka. Da ƴar uwarsa Nopoko ta kwanta ciwo, aka ce Sana ce ta kama ta, aka ƙone mata bukka. Amma ita ce ta yi doguwar tafiya ta nemo mai magani, yarinya ta warke.

Abin da ya sa fim ɗin ya yi kyau, bai yi wa'azi ba. Ya bar ka ka gani da idonka cewa ba wanda Sana ta cuta. Laifinta ɗaya: ba ta da dangi da za su tsaya mata. Sai dai akwai abin da ya rage. Sana ba ta yawan magana, ba mu ji abin da ke cikin zuciyarta sosai ba.

To, ɗan uwa, tuna garinku. Wa ke karɓar haihuwa? Wa ke wankan jego? Wa ke yi wa yara tatsuniya da dare, ko ta sasanta miji da mata? Tsohuwa ce. Ya kamata masu yin fim su nuna mana wannan. Kai kuma, in ka ji an ce wa wata tsohuwa mayya, tambayi mai faɗi abin da ya gani da idonsa.