Makokin Wanda Ba a Yi wa Gaisuwa: Nazari a Kan Fim ɗin Masaan

A shagunan cajin waya na Dutsin-Ma da Kurfi, inda samari ke miƙa memori a tura musu fim, abin da aka fi tambaya shi ne fassara. Fina-finan Indiya ne da aka ɗora wa muryar Hausa, yawancinsu daga kudancin ƙasar, na Telugu da Tamil, masu jarumin da zai kai naushi ɗaya ƙarti goma su watse. Kamfanin Algaita na Kano ya yi suna a wannan sana'a. Daga cikin gari fim yake shiga ƙauyuka irin su Kutawa, a aljihun ɗan acaɓa ko ɗalibi, waya ta tura wa waya.

Shaƙuwar ba ta yau ba ce. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Arewa, kuma Mother India na 1957 ya daɗe ana maimaita shi. Masu kallo har laƙabi suka yi wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Manazarci Brian Larkin ya yi rubutu a kan wannan ƙauna a 1997, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya bi diddigin yadda masu shirya fim a Kano suka riƙa ɗaukar labaran Indiya suna sa musu rigar Hausa, kamar Khusufi na Ali Nuhu da aka gina a kan Taal.

Sai dai akwai wani reshe na fim ɗin Hindi da bai samu shiga wannan kasuwa sosai ba: ƙananan fina-finai na masu cin gashin kansu, waɗanda ake yi da kuɗi kaɗan, ba gaggan jarumai, ba rawa a kan tsauni. A cikinsu akwai The Lunchbox na 2013 da Masaan na 2015. Na biyun ne ya fi cancantar mai kallo na wannan yanki ya zauna da shi.

Neeraj Ghaywan ne ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko, bayan ya yi aiki a ƙarƙashin darakta Anurag Kashyap. Varun Grover ya rubuta. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2015, ya dawo da kyaututtuka biyu. Labarin yana faruwa ne a Banaras, birnin da ke bakin kogin Ganga, inda mabiya addinin Hindu ke kai gawarwakinsu a ƙona.

Mutum biyu ake bi, ba su san juna ba. Devi, wadda Richa Chadha ta fito a matsayinta, 'yan sanda sun rutsa ta da saurayinta a ɗakin otal. Yaron ya kashe kansa don tsoro, sufeton kuma ya ɗauki hotonta a waya, ya ce wa mahaifinta sai ya biya rufi 300,000 ko a tona. Deepak kuwa, wanda Vicky Kaushal ya fito a matsayinsa, ɗan ƙabilar Dom ne, masu gadon ƙona gawa, waɗanda tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasa. Yana karatun injiniya don ya fita daga sana'ar gidansu. Ya kamu da son Shalu, 'yar gidan masu asali, mai son waƙe. Ta ce masa ya nemi aiki kawai, ita ta yarda ta bi shi. Bahaushen da ya taɓa ganin an hana mutum aure don ubansa mahauci ne ko maroƙi ba zai rasa gane zafin ba, ko da yake na Indiya ya fi tsanani nesa ba kusa ba.

Shalu ta tafi ziyarar ibada da iyayenta, motarsu ta yi hatsari. Da dare aka kawo gawarwaki wurin ƙonawa, Deepak yana taya 'yan gidansu aiki. Hannu ya leƙo daga cikin mayafi, ya ga zoben da ya sani a yatsa. Bai yi ihu ba. Ba wanda zai gaya wa a wurin, don a idon duniya shi ba kowanta ba ne, ma'aikaci ne da ke jiran a jera itace. Kukan sai daga baya ya zo, wani dare a bakin kogi cikin abokansa, ya fashe kamar ƙaramin yaro, su kuma suka rasa abin faɗa, suka rungume shi kawai.

A nan fim ɗin ya rabu da abin da aka saba. Mutuwa ba baƙuwa ba ce a fim ɗin Indiya. Anand na 1971 da Kal Ho Naa Ho na 2003 duk jarumin mutuwa yake yi, a Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ma da rasuwar Tina, matar jarumin, aka buɗe. Amma a waɗancan, mai mutuwa yakan samu damar yin wasiyya, ya bar wasiƙu, ya ma zaɓa wa masoyinsa wanda zai maye gurbinsa, kiɗa na tashi. Shalu ba ta yi sallama da kowa ba. Abin da Ghaywan ya sa wa ido shi ne wanda aka bari, da kuma yadda jama'a ba su tanadar masa wurin zama a makokin ba.

Al'adar Bahaushe a kan rasuwa tsararriya ce, kuma akwai jinƙai a cikinta. A yi sutura a ranar, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, maƙwabta su aiko da abinci, mai zuwa ya ce "Ya haƙuri?" a amsa masa da godiya, a yi wa mamaci addu'a. Matar da ta rasa miji tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki. Uwa da uba da 'yan'uwa kowa da gurbinsa. To, saurayin da budurwarsa ta rasu tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba fa? Zai bi sahu a yi salla, wataƙila ya kama makara, sannan ya durƙusa gaban mahaifinta ya yi masa ta'aziyya kamar kowa, ya tashi. Shi mai yin gaisuwa ne, ba a yi masa. Na budurwa ya fi wuya. Kunya ba za ta bar ta ta yi kuka a gaban iyaye ba, kuma ba a daɗewa za a fara ce mata ga wane yana sallama.

A Dutsin-Ma da Kurfi wannan ba labarin kanzon kurege ba ne. Ƙananan hukumomin biyu suna cikin 13 na Jihar Katsina da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga. Samari da yawa sun fita gona ko kasuwa ba su dawo ba. Ana ƙirga zawarawa da marayu, kuma wajibi ne a ƙirga su. 'Yan matan da ke jiran a sa rana, su ba sa cikin lissafin kowa.

Ɓangaren Devi ya ƙara fito da wannan. Ita ba ma a yarda ta ambaci sunan yaron ba, don abin ya cakuɗe da abin kunya. Tana ajiye da wata kyauta da ya ba ta, ba ta kwance ba. Da ta yi ƙarfin hali ta je gidan iyayensa a Allahabad, kyamara ta tsaya a waje, ba ta bi ta ciki ba. Wannan kawaici na mai fim ya fi dogon jawabi taɓa zuciya.

Fim ɗin yana da rauninsa. Zoben da Deepak ya jefa a kogi shi ne wani yaro mai nutso ya tsinto, ya ba mahaifin Devi, aka sayar aka cika kuɗin sufeto. Wannan dacewa ta yi yawa a fim ɗin da ya gina kansa a kan gaskiyar rayuwa. Haɗuwar Devi da Deepak a cikin kwalekwale a ƙarshe ma an ɗan ja ta da igiya. Sannan fitowar farko ta otal da hotunan ƙona gawa ba abin da za a kunna a tsakar gida ba ne gaban yara, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, ba za ta bar irin ta otal ɗin a fim ɗin Hausa ba. Ba waɗannan ne abin ɗauka ba.

Abin ɗauka shi ne haƙurin kyamara. Mai fassara ya saba cike kowane gurbi da barkwanci da karin magana da kirarin jarumi, kuma a fim ɗin faɗa hakan na armashi ƙwarai. A Masaan kuwa, wuraren da ba a magana su ne suka fi nauyi, duk wanda ya zuba musu surutu ya kashe su. Shi ya sa ba fassara ce hanyar da irin wannan labari zai iso ba, sai dai a rubuta na gida. Fim ɗin Hausa sau da yawa yakan wuce rasuwa da sauri: a rufe fuska da zane, mata su ɗora hannu a ka, a yi salati, sai a rubuta cewa shekara ta zagayo. Yanzu da masu dogon zango irin su Labarina da Daɗin Kowa suka sabar wa mutane bin labari mako-mako, lokaci ba shi ne matsala ba. Marubuci zai iya ba da zango guda ga saurayin da ya dawo daga maƙabarta ya buɗe shagonsa da la'asar don ba shi da hujjar rufewa, da abokin da ya gane, da uwar da ta lura ya daina cin tuwon dare amma alkunya ta hana ta tambaya. Ba ya buƙatar gidan haya mai bene ko motar aro, kuma za a iya ɗaukarsa gaba ɗaya tsakanin kasuwar Dutsin-Ma da bakin madatsar Zobe.