Gwajin CA-125 ya hau: shin sankara ce?

A ce 'yar'uwarki a Yauri cikinta ya kumbura, aka ɗebi jininta, sakamakon CA-125 ya zarce 35. Kafin ta isa gida, labari ya bazu cewa sankarar ƙwan mahaifa ce. Kar ki yi saurin yarda. Akwai gyara a yadda ake tallar wannan gwaji da sunan "gwajin kansa".

CA-125 sinadari ne da Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a 1981. Fatar da ta lulluɓe kayan ciki ma tana fitar da shi duk lokacin da wani abu ya dame ta. Shi ya sa jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa, tarin fuka na ciki da taruwar ruwa saboda ciwon hanta duk suna iya ɗaga shi. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000, kuma rahoton 2021 ya nuna tantance masu lafiya da wannan gwaji bai rage mace-mace ba.

To ina ga bakin tafkin Kainji? Tun da aka kammala madatsar a 1968, mutanen Yauri, Ngaski da Shanga suna su, wanki da noma a ruwan da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya ke rayuwa. Nau'in tsargiyar da ke kama hanta yana ƙanƙantar da jijiyoyinta, saifa ta kumbura, ruwa ya taru, CA-125 ya hau, alhali babu sankara.

Nan ne sikanin ciki ke da rana. Yana nuna ko akwai ƙari a ƙwan mahaifa, ko kuwa hanta ce ta taɓu. Ƙa'idar duba ɓarnar tsargiya da sikanin ma a Yamai masana suka tsara ta a 1996, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai dai shi ma hoto yana da iyaka. Tarin fuka na ciki kan yi kama da sankara ko a hoton CT, sai an ɗebi ruwan ko tsokar an auna. Illar gaggawa biyu ce: a cire wa mace mahaifa kan cutar da magani zai warkar, ko tsoro ya kai ta wurin mai magani, sankara ta gaskiya ta yi nisa.

Saboda haka idan aka miƙo miki takardar, tambayi likita: me sikanin ya nuna, kuma an duba hanta?