Darasin Ƙasa da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Babin da ya fi kowane kusanci da rayuwar ɗan manomi a littattafan kimiyya na firamare da ƙaramar sakandare shi ne babin ƙasa. Na karanta shi a littattafai da dama da ake koyarwa da su bisa manhajar hukumar NERDC, na kuma auna shi da ma'aunin da muke auna kowane rubutu: wa ke magana, da wa yake magana, a ina yake tsaye? Hukuncina shi ne babin ya faɗi gaskiya, amma gaskiya ce marar mazauni. Yaron Dalijan, a ƙaramar hukumar Gwandu, zai iya haddace shi tsaf ba tare da ya gane cewa gonar mahaifinsa ake nufi ba.

Sai a fara da yabo inda ya cancanta. Babin yana da tsari. Yakan bayyana yadda zafi da ruwa da iska ke farfasa dutse har ya zama gari, yadda ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi ke gauraya da garin, da yadda ɗaruruwan shekaru kan wuce kafin a sami ɗan kaurin ƙasar noma. Wannan gado ne daga Hans Jenny, wanda a 1941 ya tsara abubuwa biyar da ke haifar da ƙasa: yanayi, halittu, shimfiɗar wuri, dutsen asali da tsawon zamani. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga ciki.

Rauninsa na farko yana wajen misali. Littafin kan kawo ƙanƙara mai tsaga dutse, abin da ɗalibin Kabi bai taɓa gani ba, ya bar abin da ke gabansa. Masana duwatsu sun raɗa wa wani babban shimfiɗin dutsen yashi da yumɓu na kwarin Sakkwato sunan Gwandu, kuma daga cikinsa rijiyoyin burtsatse na Birnin Kebbi da kewaye ke jawo ruwa. Tuddan nan masu shafaffen kai da marmara ta lulluɓe su ne dutsen asalin da Jenny ke nufi. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana sauka a gonaki kowace shekara, ambaliyar gulbin Rima kuma tana shimfiɗa sabuwar laka a fadamun Kalgo. Ga yanayi, ga shimfiɗar wuri, ga zamani, duk a bakin ƙofar aji, amma babin bai leƙa waje ba.

Rauni na biyu, wanda ya fi damuna a matsayina na ɗalibin harshe, yana wajen suna. Littafin ya kasa ƙasa gida uku: mai yashi, mai yumɓu, da gaurayayya. Yaron kuwa ya zo aji da ƙamus mafi faɗi. Ya san jigawa, mai sauƙin huɗa da saurin shan ruwa, gidan gero da wake. Ya san laka, mai riƙe ruwa a damina ta daddare da rani, gidan shinkafa. Ya san fako, inda ruwa ke gudu bai shiga ba, ya san turɓaya da tsakuwa da marmara. Kowace kalma a nan taƙaitaccen rahoto ne na lura ta shekaru aru-aru. Abin mamaki, ilmin ƙasa na zamani kansa ta wannan hanya ya tashi. Vasily Dokuchaev, wanda littafinsa na 1883 a kan baƙar ƙasar Rasha ya kafa fannin, bai raina sunayen da manoman ƙasarsa ke amfani da su ba, kuma irinsu chernozem da podzol suna cikin littattafan duniya har yau. In kalmar manomin Rasha ta isa zama kimiyya, mene ne laifin fako?

Rauni na uku shi ne yadda babin ke ɗaukar dabarun kimiyya. Yakan jera su: lura, awo, rarrabewa, hasashe, rubuta sakamako. Daga nan sai tambayar ƙarshen babi ta ce a lissafo su. Ɗalibi ya ci maki don ya ambaci lura, alhali bai lura da kome ba. Ga shi kuwa kayan gwajin ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. A zuba ƙasa cikin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye: yashi zai kwanta cikin minti guda, mai laushi ya biyo bayan sa'o'i, yumɓu ya kwana yana yawo. A fasa gindin gwangwani biyu, a kafa ɗaya a jigawa ɗaya a fako, a zuba ruwa daidai wa daida, a duba agogo. Gani ya kori ji.

Kada a ɗauka ina cewa sanin gargajiya ya wadatar. Manomi ya san cewa yawan ƙuduji alamar gona ta gaji ne, ya san amfanin bar wa Fulani su kwana da shanu a gonarsa bayan kaka, ya san hatsi ya fi kyau a gindin gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina. Amma idonsa ba ya nuna masa yawan tsamin ƙasa, ko wane sinadari ne ya ƙare. Nan ne aikin makaranta: ta karɓi abin da aka gada, ta gwada shi, ta tabbatar da na tabbatarwa, ta gyara na gyarawa. A Maraɗi, tun daga 1983, manoma da Tony Rinaudo sun farfaɗo da gonaki ta hanyar renon tohon kututtukan da a da ake sarewa. Kalgo da sabara da ke tsirowa a gonakinmu irin wannan dukiya ce, amma babin bai san da su ba.

Batun ya wuce na jarrabawa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, kuma tun daga nan fadama ba ta huta ba, rani da damina. Yaran da ke aji yau su ne za su yanke shawarar buhu nawa na takin zamani za a zuba, da ko za a ƙone karan shinkafa ko a mayar wa ƙasa. Wanda aka koya wa cewa ƙasa jerin kalmomin Turanci ce zai miƙa wannan hukunci ga mai sayar da taki.

Don haka nake ganin babin yana buƙatar sabon mabuɗi. Maimakon ma'anar da za a haddace, ya fara da umarni ɗaya: kowane ɗalibi ya zo da damƙin ƙasa daga gonarsu, tare da sunan da ake kiran ta a gida.