Zaren ƙarfe ba zai maye gurbin rodi ba

Tun da rodi ya yi tsada na fara jin wata magana a bakin wasu magina, wai a zuba guntayen zaren ƙarfe cikin kwaɓin kankare, sai a rage rodi. Duk mai shirin zuba dakin a Yasore, ko cikin Batsari da Safana, ina roƙonsa kada ya yarda.

Fasahar kanta ba ƙarya ba ce. Tun 1963 Romualdi da Batson suka fitar da bincikensu a kanta a Amurka, yau kuma da ita ake daɓen manyan masana'antu. Zaren bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, milimita 30 zuwa 60, bakinsa a lanƙwashe don ya kama, ana zuba kilo 20 zuwa 40 a kowace mita kubik. Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in ja ne, ƙarfinsa kusan ɗaya bisa goma ne na wancan. Sai tsaga ta fito zaren yake nuna amfaninsa: ya riƙe gefenta biyu, ya hana ta buɗewa. Aikin ramno ke nan a ƙasar gini, kuma babu maginin da ya taɓa fasa ɗora azara don ya zuba ramno. A dakin da linta an san inda ja yake, nan ake shimfiɗa rodi. Shi zare a warwatse yake, duk inda ya faɗa ya faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne kwaɓinmu. A ƙasa muke yinsa, da shebur. Zaren sai ya cure wuri guda, kwaɓin ya yi tauri, lebura ya gaji, birkila ya ce "ƙaro ruwa". Wannan bokitin da aka ƙara ya cinye ƙarfin da aka sayo da kuɗi.

Mai daɓen shagon ajiye hatsi, in ya samu injin kwaɓa da injiniya, ya gwada, zai ga tsaga ta ragu. Sauranmu kuwa mu nemi yashi mara laka, mu auna siminti da gaskiya, mu shayar da kankare aƙalla kwana 7, musamman da hunturu da bazara, domin sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Malam mai gini, in kuɗin rodi bai cika ba, ka jira kaka. Iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashin dakin ɗin nan.