The Vow: Kwarjini Ko Jingina?

In ka kalli The Vow, shirin HBO na 2020, ka ga yadda NXIVM, kamfanin koyar da gyaran hali a Amurka, ya rikiɗe ya zama tarko. Shirin ya yi ƙoƙari, amma ya daɗe yana haska kwarjinin shugaban, Keith Raniere, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 120. To, kwarjini jawo mutum yake yi. Abin da ya hana matan ƙungiyarsa ta asiri fita shi ne jingina: hotunan tsiraici da sirrin iyali da suka miƙa, ana ta neman ƙari. Don haka duk ƙungiyar da ta burge ka, tambayi kanka: in na fice yau, me nawa ke hannunsu?