Sabunta Laburaren Manhaja a Debian, da Yadda Yake Isa Arewacin Kamaru

A kwamfutar da ke aiki da Debian ko Ubuntu, manhajoji ba sa cin gashin kansu. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja take bukata, kamar ɓoye saƙo ko matse fayil, sai a rubuta su sau ɗaya a ajiye wuri guda kowa ya riƙa ɗiba. Wannan ajiyar ita ce laburare, OpenSSL da zlib suna cikin fitattu. Kamar rijiyar unguwa take: in an yashe ta kowa ya sha mai kyau, in ta gurɓata babu gidan da zai tsira.

Aikin yana farawa ne daga marubutan laburaren na asali, su suke fitar da sabon zubi. Daga nan sai mai kula da ƙunshin laburaren a Debian, wanda galibi ɗan sa kai ne, ya ɗauko, ya tabbatar da sa hannun marubutan, ya duba ko gyare-gyaren da Debian ta saba ɗorawa suna nan daram, ya harhaɗa, sannan ya tura zuwa reshen da ake kira sid. Injinan Debian su sake harhaɗa shi don kowane irin kwamfuta. Idan ya yi 'yan kwanaki, yawanci biyar, ba a kawo ƙarar wata babbar matsala ba, sai ya wuce reshen gwaji. Daga reshen gwajin ake fitar da tsayayyen zubi kusan duk shekara biyu: Debian 12 a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, daga sid take kwasar yawancin kayanta.

Wahalar tana zuwa ne idan sabon zubi ya canza yadda manhajoji suke magana da laburaren. A nan dole a canza lambar da ke jikin sunan ƙunshin, kuma a sake harhaɗa duk manhajar da ta dogara da shi, wani lokaci ɗaruruwa. Masu kula da fitar da zubi su ke ba da izini, su tsara wanda zai riga wani. Da Ubuntu 22.04 ta koma OpenSSL 3, libssl3 ya maye gurbin libssl1.1, manhajojin waje da ba a sake harhaɗa su ba suka ƙi tashi.

Tsayayyen zubi kuwa ƙa'idarsa daban. Galibi ba a kawo masa sabon laburare, sai dai a ciro gyaran kawai a ɗora wa tsohon. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a Afrilun 2014, marubutan OpenSSL sun fitar da 1.0.1g, amma Debian 7 ta ci gaba da zama a kan 1.0.1e, an toshe ɓarakar aka ƙara 'yar lamba a ƙarshen sunan. Wanda bai san wannan al'ada ba yakan ga tsohuwar lamba ya ɗauka an yi sakaci.

Jinkirin nan yana da masu suka, amma ya taɓa yin rana. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar baya a cikin laburaren matse fayil na xz, zubi 5.6.0 da 5.6.1. Mugun zubin ya riga ya shiga sid da reshen gwaji, amma bai kai ga tsayayyen zubi ba. Sai dai hannun mai kula ma yakan yi ɓarna. A 2006 an cire wasu layuka daga OpenSSL na Debian don a kashe gargaɗin wata manhajar bincike, ashe an rage yawan mabuɗan sirri da za a iya samarwa zuwa kimanin 32,000. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano, bayan kusan shekara biyu.

Duk wannan tsari an gina shi bisa zaton cewa kwamfutar ƙarshe tana da wuta da intanet. A arewacin Kamaru, inda jami'o'in Ngaundere, Maruwa da Garwa suke, a nan gizo ke saƙar. Wutar yankin ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, ruwa na ja baya sai a shiga rabon wuta. Intanet kuma daga bakin teku yake haurowa, daga Duwala, Limbe da Kribi, mafi yawan jama'a da datar MTN ko Orange suke shiga. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, ƙunshi yakan tsaya rabi da rabi, sai an ba da umarnin dpkg --configure -a kafin komai ya daidaita. Ba abin mamaki ba ne a ga kwamfutar da aka girka wa tsari daga filas ta shekara ba a sabunta ta ba.

A irin wannan yanayi tsayayyen zubi ya fi dacewa, domin gyare-gyarensa kaɗan ne, ba sa cin data sosai. Ɗakin kwamfuta mai injina da yawa zai iya sa apt-cacher-ng a kan guda ɗaya, ta sauko da ƙunshi sau ɗaya sauran su ɗiba a wurinta. Inda babu intanet sam, apt-offline yana ba da damar a sauko da kayan a wani wuri a kawo a filas, kuma apt, tsarin girka ƙunshi, zai duba sa hannun Debian kafin ya yarda da su. Bayan girkawa akwai sauran aiki: manhajar da ke gudana tana riƙe da tsohon laburaren a ƙwaƙwalwa har sai an sake kunna ta, needrestart kuwa yana nuna waɗanda suke bukatar hakan.