Digirin Labarin Ƙasa: Ina Taswirar Dandamisa?

A Disamban 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, domin digirinmu ya yi gogayya da na duniya. Ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Niyyar ta yi kyau, amma a fannin labarin ƙasa sauya jerin kwasa-kwasai kaɗai ba zai wadatar ba.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 zuwa 1979, duniya ta san shi ne da nazarin gonakin kewayen Kano. A yau aikin ya fi sauƙi: manhajar QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ma kyauta ne tun 2008.

Muna ganin nan ya kamata kashi 30 ɗin ya tafi. Kada ɗalibi ya karɓi digiri sai ya zana taswirar fadamun raken Makarfi ko gonakin Dandamisa, wadda manomi da ƙaramar hukuma za su amfana da ita.